Jijiyoyin Da Hankali Ke Tafiya A Kansu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙagi ɗan Adam, Ya ba shi ji da gani, sa'an nan Ya ɗora masa nauyin hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malaman shari'a sun lissafa abubuwa biyar waɗanda Musulunci ya zo domin ya tsare su, watau addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Hankali kuwa shi ne sharaɗin ɗora wa mutum hukunci. Ba a neman salla daga mahaukaci, ba a karɓar shaidarsa, cinikinsa kuma ba ya ƙulluwa. Ɗalibin da ya fara karatun fiƙihu a zaure, tun a babin tsarki ake gaya masa cewa gushewar hankali tana warware alwala, ko da barci mai nauyi ne, ko suma, ko hauka, ko maye. To, abin da shari'a ta ba wannan matsayi ya cancanci Musulmi ya san a kan me yake tafiya a cikin jikinsa, da kuma abin da ke lalata shi.

Magabata sun saɓa a kan mazaunin hankali. Da yawa daga cikinsu sun ce a zuciya yake, an kuma ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa a ƙwaƙwalwa yake. Abin da babu jayayya a kansa shi ne bugun kai yana gusar da shi, har ma masu fiƙihu suka hukunta cikakkiyar diyya a kan wanda ya bugi wani hankalinsa ya gushe bai dawo ba. Likitocin Musulmi na farko, irin su Abubakar Arrazi da Ibn Sina wanda ya rasu a shekarar 1037, sun yi bayanin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, sun san waɗansu na ji ne waɗansu na motsi, sun kuma san in aka yanke ɗaya gaɓar da take yi wa aiki takan mutu. Amma a zamaninsu babu madubin da zai nuna musu abin da ke cikin jijiyar, saboda haka suka ɗauka wata iska ce mai laushi take gudana a ciki.

A nan sai an yi hattara da kalma, domin Bahaushe jijiya yake kiran hanyar jini, jijiya yake kiran abin da wuƙar mahauci ke fama da shi a jikin nama. Wadda ake nufi a nan daban take. Ita ce farar igiyar nan da ke kai saƙo daga fata da ido da kunne zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma ɗauko umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Wannan jijiya, da laka, da ƙwaƙwalwar kanta, duk an gina su ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin jijiya.

A shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Camillo Golgi ya gano wani irin rini da ake haɗawa da azurfa, wanda ke baƙanta ƙwayar jijiya ɗaya ya bar maƙwabtanta, har a iya ganin siffarta a madubin likita. Sai wani ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗauki wannan rini ya yi shekaru yana dubawa yana zanawa da hannunsa, ya tabbatar da cewa kowace ƙwaya mai zaman kanta ce. Golgi kuwa ya nace a kan cewa duk a haɗe suke kamar raga. An ba su kyautar Nobel tare a shekarar 1906 alhali ba su daidaita ba, daga baya dai maganar Cajal ce ta tabbata. Ƙidayar da wata masaniya ’yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, ta fitar tare da abokan aikinta a shekarar 2009 ta nuna akwai kimanin biliyan 86 na waɗannan ƙwayoyi a kan mutum ɗaya. Da wani zai zauna ya ƙirga su ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, da sai ya shafe fiye da shekara 2,700 bai gama ba. Dukansu kuwa suna cikin wani ɗan curi da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wanda yake cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da numfashi.

Siffar ƙwayar jijiya ta yi kama da itace. Tana da gangar jiki inda rayuwarta take, daga nan rassa masu yawa suka fita, su ne kunnuwanta, da su take karɓar saƙo. Sa'an nan akwai doguwar jela guda ɗaya tak, wadda da ita take aika nata saƙon. Waɗansu jelarsu ba ta kai tsawon ƙwayar gero ba. Amma wadda ke tashi daga gindin laka ta sauka har babban yatsan ƙafa takan kai mita ɗaya, alhali kuwa ƙwaya ɗaya ce, kuma ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Saƙon da ke bin wannan jela na lantarki ne, amma ba irin wanda ke bin wayar gida ba. Waɗansu Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, su suka warware yadda abin yake a shekarar 1952, ta hanyar gwaji da jijiyar wata dabbar teku mai kauri. Akwai gishiri iri biyu narke a ruwan jiki, ɗaya sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, ɗaya fotasiyam, irin wanda ake samu a toka. Dare da rana ƙwayar jijiya tana fitar da na farko waje tana shigo da na biyu ciki, kamar mai ɗebo ruwa yana tarawa a bayan madatsa. Idan saƙo ya zo, sai waɗansu ƙananan ƙofofi su buɗe a jikin jelar, sodiyam ya kwararo ciki, wannan kwararar ta sa ƙofofin gaba su buɗe, su kuma su buɗe na gabansu, haka har ƙarshe. A kowane wuri abin ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, sa'an nan ƙwayar ta mayar da komai yadda yake, ta jira saƙo na gaba.

Mafi yawan dogayen jijiyoyi an naɗe su da wani farin kitse, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba, sai dai an bar ’yan gurabe a buɗe daki-daki. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya a filin Idi a zamanin da babu lasifika zai gane hikimar wannan. Muryar liman ba ta isa ƙarshen fili, sai a ajiye masu amsa kabbara nan da can, wannan ya ji ya ɗaga, na gaba ya ji ya ɗaga, kabbara ta isa sahun ƙarshe da ƙarfinta ba tare da kowane mutum ya maimaita ba. Haka saƙo ke tsalle daga gurbi zuwa gurbi. A jijiya mai kaurin naɗi yakan yi gudun mita 120 a daƙiƙa ɗaya, watau fiye da kilomita 400 a awa, a wadda ba ta da naɗi kuwa bai fi mita ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa mai tuntuɓe yakan ji zafi mai kaifi nan take, bayan ɗan lokaci sa'an nan raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya, domin saƙo biyu ne suka taso tare, hanyarsu ce ta bambanta.

Wurin da ya fi dacewa mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne inda jelar wata ƙwaya ta iske reshen wata. Ba su taɓa juna ba. Akwai ’yar rata a tsakaninsu, wadda in aka tsaga gashin kai ɗaya gida dubu biyu, kashi ɗaya kusan faɗinta ke nan. Lantarkin da ya taho a guje yana isowa nan sai ya tsaya, kamar manzon da ya zo bakin kogi babu gada, dole ya miƙa wasiƙar ga mai kwalekwale. Bakin jelar sai ya fesa wani sinadari a cikin ratar, sinadarin ya ƙetare ya shiga wani gurbi da aka yi dominsa a jikin ƙwayar gaba, kamar mabuɗi da ƙofarsa. Wani likita mai suna Otto Loewi ya tabbatar da haka a ƙasar Ostiriya a shekarar 1921. Ya sa zuciyar kwaɗo a ruwan gishiri, ya tsokani jijiyarta har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan ya zuba wa zuciyar wani kwaɗon wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma sai bugunta ya ragu. Ashe jijiyar farko ta zubar da wani abu a cikin ruwan.

Waɗannan sinadarai iri-iri ne. Waɗansu cewa suke yi a tafi, waɗansu su ce a tsaya. Ƙwaya ɗaya tana iya karɓar saƙo daga dubban ’yan'uwanta a lokaci guda, ta auna masu cewa a tafi da masu cewa a tsaya, kamar alƙali yana sauraron shaidu, in ɓangare ɗaya ya rinjaya sa'an nan ta aika ko ta yi shiru. Haƙurin da mutum ke yi in an zage shi, da kunyar da ke hana shi faɗin duk abin da ya zo bakinsa, da natsuwar da yake samu a salla, ta fuskar jiki duk suna rataye ne a kan wannan awo. Masana sun auna lantarkin sun kuma san sunayen sinadaran, ruhin da ke jin daɗi da baƙin ciki kuwa al'amarinsa na wurin Wanda Ya busa shi.

Ko zafin ciwo, wanda kowa ke gudu, rahama ce da ke bin waɗannan hanyoyi. Mace in hannunta ya taɓa tukunya mai zafi, takan fizge shi tun kafin ta san abin da ya faru, domin laka ce ta ba da umurni ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Cutar kuturta jijiyoyin hannu da ƙafa take ci, sai mai ita ya ƙone ko ya taka ƙaya bai ji ba, miki ya ruɓe yana tafiya a kansa, galibi ta haka yatsu ke ƙarewa.

Akwai kuma wata siffa ta waɗannan ƙwayoyi wadda ita ce ta sa maganar ta yi nauyi. Fatar mutum tana sabuntuwa cikin makonni. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi a canza su. Ƙashi in ya karye maɗori ya ɗaure shi yakan haɗe. Jijiyar hannu ko ƙafa ma in ta yanke takan sake tsirowa a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana. Amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka, mafi yawansu da su aka haifi mutum, da su zai shiga kabari, wadda ta mutu kuma ba a mayar da gurbinta. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗan acaɓan da ya karye a wuya yakan kwanta har ƙarshen ransa, da yaron da shan inna ta kashe wa ƙwayoyin laka. Dukiya in ta salwanta a kan nemi wata, wannan kuwa jari ne da aka ba bawa sau ɗaya.

To, ta wannan ’yar rata kayan maye ke shiga. Giya tana ƙara wa masu cewa a tsaya ƙarfi, tana raunana masu cewa a tafi, kuma tun da wuri take taɓa sashen gaban ƙwaƙwalwa, inda auna magana da kamun kai suke. Shi ya sa mashayi kunyarsa ke riga ƙafarsa tafiya, sai daga baya tangaɗi ya zo. Kodin, wanda ke cikin waɗansu magungunan tari, hanta takan juya wani kashi nasa ya zama mofin, ya je ya buɗe ƙofofin da Allah Ya tanada domin wani maganin raɗaɗi da jiki ke yi da kansa, wanda masana suka gano a garin Aberdeen na ƙasar Sikotilan a shekarar 1975. Watau mabuɗin jabu ne ya shiga ƙofar gaskiya. Taramol ma waɗannan ƙofofin yake buɗewa, ga shi kuma in ya yi yawa yana birkita lantarkin ƙwaƙwalwa har mutum ya faɗi yana farfaɗiya. Sholisho da makamantansa na shaƙa su kuwa farin kitsen nan da ke naɗe jijiya suke lalatawa, wanda ya daɗe a kansu sai tafiyarsa da maganarsa da tunaninsa duk su yi nauyi.

Ƙwayar jijiya ba ta zama kawai a yi ta danna ƙofarta. In aka dame ta kullum da mabuɗin waje, sai ta rage jin sa, jiki kuma ya saba har ba ya daidaita sai da shi. Daga nan wanda kwalba ɗaya ke isarsa sai ya koma biyu, ya koma huɗu, kuma ba daɗi yake nema ba a lokacin, gudun azabar rashi yake yi, ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci. Waɗannan ƙofofi kuwa har a gindin ƙwaƙwalwa akwai su, wurin da ke tafiyar da numfashi ba da sanin mutum ba. Idan abin ya yi yawa sai numfashin ya yi ta raguwa yana barci har ya tsaya.

Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon shekarar 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan da aka fallasa yadda ya yaɗu a tsakanin samari da ’yan mata, har da matan aure a cikin gidaje. Akwai masu ruɗin kansu da cewa giya aka haramta, wannan kuwa magani ne daga kantin magani. Malamai ba su rataya hukuncin a kan sunan abu ko kwalbarsa ba, a kan rufe hankali suka rataya shi. Goro ma a waɗannan ratoci yake aiki, yana korar barci, amma ba wanda ya ci goro ya manta raka'a nawa ce Magariba. Haka nan kuma an halatta allurar barci domin aikin tiyata, da maganin raɗaɗi ga majinyaci gwargwadon yadda likita ya rubuta, saboda larura ce. Wanda ya sayi kwalba domin ya bugu, da mai kantin da ya miƙa masa alhali ya san ba tari yake yi ba, su biyun sun san ba larura a tsakaninsu, kuma na biyun ya fi muni, domin shi da hankalinsa cikakke yake ƙirga ribarsa.

Amma Allah bai rufe ƙofa ba, ko ta fuskar jiki. Ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa, sai dai mahaɗan da ke tsakanin masu rai suna canzawa muddin mutum na numfashi. Hanyar da aka yawaita bi takan ƙara ƙarfi, wadda aka bari takan shafe, kamar turbar gona. Almajirin da ke maimaita allonsa da asuba, ya wanke ya sake rubutawa, ya yi tilawa da dare, waɗannan mahaɗan yake ƙarfafawa har sura ta zauna, gardin da ya bar tilawa kuwa ya san yadda hadda ke zubewa. Ta wannan hanya ɗabi'ar shaye-shaye ta kafu, ta nan kuma take warwarewa, in mutum ya rabu da abokan da wuraren da ke tuna masa, ya cika lokacinsa da sana'a da jam'i. Abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kuma sau da yawa akan koma a sake tashi. Abin lura ne cewa giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka, har aka hana kusantar salla cikin maye kafin hani na ƙarshe ya zo a Madina.

Saboda haka iyayen da suka kai ɗansu inda za a sa masa mari a yi ta dukansa da sunan gyaran hali, su sani bulala ba ta isa waɗannan ratoci, abin da take ƙarawa shi ne tsoro da ƙiyayya. A shekarar 2019 ’yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, abin kunya ne kuma a jingina irin wannan ga addinin da ya ɗauke wa marar hankali alƙalami. Wanda jikinsa ya kama giya sosai, yanke masa ita farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya jefa shi cikin farfaɗiya da ruɗewa har ya halaka. Nasihar malami da addu'ar uwa suna da gurbinsu, asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa ma yana da nasa, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne.

Haka nan wanda aka iske kwance bayan ya sha ƙwaya, ana tashinsa ba ya tashi, numfashinsa ya yi nisa da juna, leɓɓansa sun canza launi, kada a ce a bar shi ya yi barci abin ya sake shi, kada kuma a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya bin hanyar iska su shaƙe shi. A kwantar da shi a kan gefensa, a nemi abin hawa a kai shi asibiti nan take, ko da kuwa iyali na jin nauyin maƙwabta su sani. Likitoci suna da allurar da ke fizge mabuɗin jabun daga ƙofa, numfashi ya dawo cikin ’yan mintoci. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa in iska ta yanke musu kimanin minti 5 sukan fara mutuwa.